Saƙi, shadda ko akoko: da wanne za a ɗinka rigar mutanen da?

Da zarar Janairu ya kama, shagona a nan Garwa, arewacin Kamaru, ba ya rabo da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin samari masu shirin wasan kwaikwayo na bikin matasa, 11 ga Fabrairu. In azumi ya raba tsakiya kuma mahaya ne ke sintiri, kowa na neman abin da zai sa ranar hawa. Shekarun nan an ƙaru da wasu, yaran nan masu ɗaukar fim da 'yar kyamara su ɗora a YouTube. Bakinsu duk ɗaya ne: "Kawu, riga muke so irin ta mutanen da."

Kafin in taɓa almakashi sai na yi tambaya biyu. Mutanen da na wace shekara? Wa zai kalli rigar, kuma daga ina zai kalle ta? Amsar ita ke zaɓa tsakanin hanya uku: a saƙa ƙyallen a masaƙa a yi masa aikin allura yadda kakanni suka yi, ko a yanki shadda a kai wa mai keken surfani, ko a ratsa ta tsakiya da akoko da rini da 'yar dabara. Duka ukun na ɗinka. A ɗaya daga ciki na sha kunyar da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai, zan zo kanta.

Bara waccan wani malamin tarihi, yaro ne matashi, ya zo da takarda a hannu. Ɗalibansa za su nuna yadda Lamiɗo Zubairu ya baro Yola bayan Ingilishi sun ci garin a Satumban 1901, ya gwabza da Jamusawa a nan Garwa, aka sake haɗuwa a Marwa a Janairun 1902. Ya ce riga goma sha biyu yake so, farar shadda, aiki har ƙasa. Na ce, "Malam, zauna tukuna ka sha ruwa." Ya ce, "Kawu, ai babbar riga babbar riga ce." Na ce to ba a nan gizo ke saƙar ba.

Daga 1809 da Modibbo Adama ya karɓo tuta wurin Shehu Usmanu zuwa shigowar Jamusawa, shekara casa'in ne da 'yan kai, kuma kasuwar tufa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya iso Yola a 1851, ya tarar ƙyallen saƙar gida ne kuɗin kasuwa a ƙasar nan, wanda Fulani ke kira leppi, Barebari kuma gabaga. Da shi ake sayen hatsi. Manyan riguna kuwa fatake ne ke kawo su daga Kano da ƙasar Nufe su koma da hauren giwa da bayi. Amma kafin ƙarnin ya ƙare jiragen kamfanin Ingilishi sun riga sun hau Binuwai, akoko da alawayyo na masaƙun Turai sun shiga kasuwa. Saboda haka wanda ke nuna zamanin Modibbo Adama da wanda ke nuna zamanin Zubairu ba ƙyalle ɗaya ya halatta musu ba. Abin da bai halatta ga kowannensu ba shi ne shaddar Getzner ta Ostiriya da ɗinkin keke, don keken ɗinki bai zama abin gari a nan ba sai zamanin Turawa.

Wajen neman samfuri, mutane sun fi gudu zuwa waya, kuma ba laifi. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sa hotunan rigunan Hausa da Nufe a intanet, da yawa har da awon tsayi da faɗi, wanda shi ne abin da tela ya fi bukata. A Jamus ma kaya na nan jibge. Binciken da masana daga Barlin da jami'ar Dschang suka fitar a 2023 ya ƙirga kayan tarihin Kamaru fiye da 40,000 a gidajen tarihin ƙasar, ko da yake ba duka ne tufafi ba, ba kuma duka na arewa ba. Sai dai a riƙe abu biyu. Rigar da ta kai gidan tarihi ta sarki ce ko ta attajiri, kyauta ko ganimar yaƙi. Ba wanda ya ɗauki tsumman talaka ya kai Turai. Kuma in ka ga an rubuta "Hausa" a jikin riga, wannan bai gaya maka inda aka yi ta ba. Ana iya saƙa ta a Bida, a rina ta a Kano, wani malami ya yi mata aiki a Zariya, a sayar a Ngaundare.

Tsofaffin hotuna kuma suna da tasu yaudarar. Fim ɗin wancan zamani ya fi jin shuɗin haske, ba ya jin ja, sai ja ya fito baƙi ƙirin, shuɗi mai haske ya fito kamar fari. Wanda ya dogara da hoto kaɗai sai ya ɗinka baƙi inda ja yake. Don sanin wane ne wane a fada, wa ke da alkyabba wa ba shi da ita, rubuce-rubucen marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan garin nan da ya yi rayuwarsa yana tattara tarihin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, daga bakin tsofaffi, sun fi hoto amfani.

Amma gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani. Abin da ya buɗe mini ido wata riga ce a cikin adudun wata tsohuwa a unguwarmu, ƙanwar kakata ta wajen uwa. Na yi shekara ina lallashi kafin ta yarda. Ranar da ta yarda sai da ta sa na wanke hannu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Tana ɗaga murfin ƙamshin kajiji da tsohon shuni ya cika ɗakin. Ta ce, "Ta kakan mijina ce. Kar ka ja ta, ɗan nan, ta girme ni." Na ce, "To Goggo."

Saƙi ce, wato saƙar nan mai ɗige-ɗigen baƙi da fari ƙanana kamar gashin zabuwa. Na bi da ɗan yatsa ina ƙirga ƙwarya, layin saƙa ke nan yadda ya fito daga masaƙa, kowace faɗinta bai wuce yatsa uku ba. Na ƙirga hamsin da huɗu daga hannu zuwa hannu. Ba a naɗe bakin ko ɗaya ba, don saƙa ce mai bakinta, an kara baki da baki ne kawai an bi da allura, ɗinkin ya kwanta lumui kamar ba a yi ba. Da na ɗaga ta sai ta zubo da kanta, kowane ɗinki ya zama wurin lanƙwasa, rigar ta yi tsaye-tsayen ninki kamar labule. Wuyan ba a tsakiya daidai yake kamar na yau ba. Aljihun ƙato ne a ƙirjin hagu, zai ɗauki allo. Asake biyu dogaye sun sauko daga gefen wuya, a dama tambari ya naɗe kansa kamar dodon koɗi, wani kuma a baya. Aikin duk da zaren tsamiya ne, wato silikin daji mai launin ƙasa-ƙasa, ba ta ƙyalli, ta yi ƙananan idanu jere kamar saƙar zuma. A wani lungu da zaren ya ci, na hango sawun tawada, zanen da malamin ya fara yi da alƙalami kafin allura ta bi. Da na juya bakin rigar sai ga shafi na alharini, ja mai ɗaukar ido, sauran silikin masaƙun Turai da ake ratso hamada da shi daga Tarabulus. Ba a ganinsa sai mai riga ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ko doki ya zabura iska ta buɗe ta.

Tun ranar na gane cewa abin da ke sa riga ta yi kama da ta da ba yawan aiki ba ne. Yanka ne da nauyin ƙyalle da yadda take zuba a jiki. Aiki shi ne na uku. Masu kawo mini ɗinki kuwa daga aikin suke farawa, a can kuɗinsu ke ƙarewa.

To mu ɗauki hanyar farko, ta masaƙa da allura. A yi lissafi a fili. Riga mai faɗin mita biyu da rabi, tsayi mita ɗaya da santimita talatin, in ƙwarya santimita biyar ce, kana bukatar ƙwarya hamsin, kowace ta hau kafaɗa ta sauka baya, wato mita biyu da santimita sittin. Mita 130 ke nan na saƙa, ba a sa aljihu ba, ba a sa shafi ba, ba a sa ƙarin da ake cusawa a gindin irin rigar da ake kira girke don ta buɗe a kan sirdi ba. Haɗa su kuma kusan wani mita 130 ne na ɗinkin hannu, tun ba a fara surfani ba. Wanda ya ce zai ba ka irin wannan cikin wata ɗaya, ko dai bai san aikin ba ko ya shirya yi maka ƙarya. A hannuna, daga waɗari zuwa ranar da mai ita ya sa, ba ta taɓa kasa rabin shekara ba.

Masaƙa na nan, ba su ƙare ba. A Marwa, wajen cibiyar masu sana'ar hannu da ƙauyukan kewaye, za ka sami mai saƙa maka ƙwarya a faɗin da ka ce, ran Lahadi kuma a kasuwar Pitowa akan ci karo da masu kawo farin saƙa a naɗe. Wahalar tana wajen zare. Yawancinsu da zaren kanti suke saƙa, don tun da noman auduga ya zama na sayarwa, musamman bayan kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, auduga daga gona ma'auni take wucewa, 'yan matan yanzu kuma ba su tashi da mazari a hannu ba. Zaren kanti santsi ne, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Na kaɗin hannu yana da 'yan ƙulle-ƙulle, nan siriri can kauri, shi ke ba ƙyalle wannan fuskar mai rai, shi kuma ke shan shuni ba daidai ba har launin ya yi zurfi. In kana son na hannu sai ka nemi tsohuwa mai kaɗi, ka saya mata auduga, ka jira gurza da shiɓa da kaɗi, ka kuma yi haƙuri da ranar da gwiwarta ke ciwo. In aljihu bai kai ba, a yi tsaye da zaren kanti a yi kwance da na hannu. Ido ba ya cika ganewa.

Tsamiya daga tsallaken iyaka ake kawo ta, kuma a nan ake cutar mutane. Ta gaske siliki ce ta wata tsutsar daji, ana dafa gidanta da ruwan toka a kaɗa. Ta ƙarya auduga ce aka tsoma a ruwan ƙasa-ƙasa. Ka ciri ɗan guntu ka kunna masa ashana. In ya yi warin ƙonannen gashi ya bar ɗan dunƙulen baƙi mai murmushewa a yatsa, tsamiya ce. In ya ci da wuta kamar takarda ya bar farar toka, auduga ce. In ya narke ya yi ƙwallo mai tauri, roba aka sayar maka. Alharini kuwa ya tafi da ayarin raƙuman da ke kawo shi, sai dai a nemi siliki ko yadi marar ƙyalli mai irin jansa.

Me mutum ke samu bayan duk wannan? Riga da za a iya riƙewa a hannu a juya ciki da waje ba a kama ta da laifi ba. Tana shan iska fiye da yadda nauyinta ke nunawa. Tana ƙara kyau da tsufa. Amma ba ta son yawan wanki, in kore ce, wato rigar da aka rina baƙa da shuni aka buge ta, tana zubar da shuni a wuya da hannu (mutanen da ado suke ɗaukar wannan), kuma kuɗinta zai sayi shadda mai kyau ninki da yawa. Wannan hanya ta gidan sarauta ce mai son ajiye abin gado, ko ɗakin tarihi irin na fadar Ngaundare, ko jarumi ɗaya tak a fim wanda kyamara za ta zauna a ƙirjinsa. Wanda ya saƙa saƙi don ɗan aji uku ya sa na minti ashirin a dandali, ya yi wa kuɗinsa wulaƙanci.

Shadda da keke ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san ta. Sati ɗaya ta isa. Ana samunta a kowace kasuwa, ana wankewa, bayan biki mai ita ya ci gaba da zuwa Juma'a da ita. Laifinta wajen tarihi uku ne, kuma ba wanda ke ɓoyuwa. Tana da furanni a cikin saƙarta. Tana tsayawa ƙiƙam a jiki kamar laima maimakon ta zuba. Aikin keke kuma cunkushe yake, zarensa na walƙiya, dama da hagu daidai wa daida, alhali tsohuwar riga gaba ɗaya ta karkata ne zuwa hagu inda aljihu yake. Ƙyallin shadda ma daban yake da na kore: na kore duhu ne mai sheƙi kamar bayan ƙwaro, wanda mabuga suka fitar da shuni da duka, na shadda haske ne da ke mayar wa fitilar kyamara martani.

Duk da haka akwai wanda nake ce wa ya sayi shaddarsa hankali kwance, shi ne mahayin sallah. Hawa ba wasan kwaikwayo ba ne, ba kuma gidan tarihi ba, al'ada ce mai numfashi, lamiɓe da kansu shadda suke sawa yau. Mai kallo yana nesa, ƙura ta tashi, doki na gudu. Abin da zai gani launi ne da girman riga da rawani. Ga zufar doki da gogar sirdi, ba a kai musu rigar wata shida. Abin da nake roƙon mahayi kawai shi ne ya bar ni in yanka masa girke na gaske mai buɗaɗɗen gindi, in sa masa jan shafi, a wanke shaddar sau biyu ta saki jiki. Da wannan kaɗai sai ka ga tsofaffi na bin sa da kallo.

Hanya ta uku ita na ba malamin tarihin nan, ita kuma nake ba mafi yawan masu wasa da masu fim. Akoko ake nema mai kauri, wanda ba a wanke shi da farin magani ba, a jiƙa shi kwana ɗaya sitacin ya fita. Nauyinsa da rashin ƙyallinsa sun fi kowane yadin kanti kusa da farin saƙa, ga shi kuma ga zamanin Zubairu ba ma ƙarya ba ne, yana kasuwa a lokacin. Saura a ba shi zubin riga mai ƙwarya. Da farko na gwada yayyaga shi layi-layi in sake haɗawa. Kuskure ne: yagaggen yadi ba shi da baki, dole a naɗe, sai kowane ɗinki ya yi tudu, rigar ta yi tauri kamar buhu. Dabarar da ta yi ita ce a bar yadin yadda yake, a ja layi kowane yatsa uku, a ɗan tsunkule ninki siriri kamar tsinken tsintsiya ta ciki a bi da keke da zare mai launin yadin. Ta waje sai ka rantse ƙwarya ce, kuma rigar na lanƙwasa a kan layukan kamar ta gaske. Yaro mai koyo zai gama riga ɗaya a yini biyu.

Aiki kuma a taƙaita shi. Aska biyu da tambari sun isa babban mutum; aska takwas sai shi Lamiɗon kaɗai. A zana da alƙalami a kan yadin, a bi da hannu da zaren auduga marar sheƙi wanda aka jiƙa a ruwan shayi mai kauri har ya ɗauki launin tsamiya. In dandali ne, masu kallo na zaune nesa, gefen zanen kawai za a bi a cike asaken da dogon ɗinki, ba wanda zai ƙirga idanu. In fim ne, a biya mai aikin hannu ya yi aljihu da wuya sosai, bayan rigar a yi sama-sama. Abin da akoko ba zai taɓa zama ba shi ne saƙi, don ɗigon zabuwa a cikin saƙa yake, ba a rina shi. Wanda ya nace sai ya nemi yadin shat mai ƙananan gidaje baƙi da fari; daga taku goma yana wucewa, daga taku biyu ba ya wucewa.

Yanzu ga kunyar. Shekarun baya, karon farko da na bi wannan hanya, na kai riguna wurin wani mai rini don a yi su baƙi-shuɗi. Ban tambaye shi da me zai rina ba. Ashe galura ce ta ƙulli, irin wadda ake dafawa a tukunya a tsoma. Sun dawo gwanin sha'awa. Ranar wasa, rana ta take, zafin Fabrairun Garwa ya fara nuna hali. Yaron da ya fito a sarki yana sanye da farar alkyabba da muka aro daga gidan wani mai sarauta, da alƙawarin za ta koma yadda ta zo. Kafin a kai rabin wasa na hango bayan alkyabbar ya fara yin shuɗi-shuɗi daga kafaɗa, kamar an zuba tawada a ruwa. Amawalin rawaninsa ma ya rine. Ina tsaye bayan dandali na rasa inda zan sa kaina. Washegari na ɗauki alkyabbar da goro na je na durƙusa. Dattijon ya juya ta, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Amma gobe ka tambayi marini da me yake rini." Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bambancin shi ne shuni na gaske ba ya narkewa a ruwa in ya kama. A cikin karofi ƙyalle kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya yi duhun da ake so. In an ɗauraye shi sosai yana iya ɗan gogewa a fata, amma ba ya malala da zufa. Ba dole sai na ganyen baba ba. Shunin kanti da Jamusawa suka fara sayarwa a 1897 sinadarinsu ɗaya da na baba, muddin an bi hanyar tsomawa da shan iska. In ba marini na gaske kusa, masu zuwa Kano na iya kai maka Ƙofar Mata. Ko a ina aka rina, ka yanki ƙyalle ka jiƙa, ka goga a farin tsumma kafin ka karɓa. Kuma a yi rini kafin aiki, ba bayansa ba.

Akwai wata asarar da ba ruwanta da irin ƙyalle, ita ce a sa wa kowa babbar riga. Malamin nan goma sha biyu ya zo nema, uku ya tafi da su. Sauran 'yan wasan taguwa muka yi musu da 'yar shara ta akoko fari ko mai ɗan shuɗi, wando mai zariya, wasu da walki. Da haka ne ma sarkin ya fito sarki, don in kowa ya yi ado ba a gane mai gari. Kuɗin da ya ragu muka zuba a rawani, wanda a ganina shi ne rabin kamannin mutum: harsa fara ga malamai, baƙi mai sheƙi irin ɗan Kura ga manya, aka kuma ɗauko wani tsohon bafade ya naɗa musu da hannunsa. 'Yan mata zanen saƙi da mayafi, ba riga mai zif, ba atamfa. Lifidi in za a yi, audugar rimi ake cusawa. Wanda ya sa soso zai dafa ɗan mutane.

'Yan'uwa na Kusiri da Injamena masu nuna Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, wanda aka kashe a Kusiri ran 22 ga Afrilun 1900, su ma su kula: mayaƙansa jibba suke sawa mai faci-faci irin ta mabiya Mahadin Sudan, ba rigar Kano mai asake ba. Akoko ya fi komai dacewa da wannan, kuma ita ce mafi arahar ɗinki a duk abin da na ambata.

A yanzu haka akwai riga ɗaya ta hanyar farko a hannuna, ta wani gida da ke son madadin tasu da asu ya cinye. Na auno tsohuwar, na kwafi zanen a takardar siminti. Masaƙin da ke wajen Marwa ya aiko da mita arba'in cikin ɗari da arba'in, ya ce sauran sai an gama girbi. Tsohuwar da ke mana kaɗi ta aiko jikanta ya ce a ƙaro auduga, a kuma haɗo da man zafi.